Farashin da Baba Ya Rubuta a Bango

Zuwa ga Likitata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da karatu da malaman da ke ba ku wahala. Na san za ki ce ke ba likita ba ce, aikin jinya kike koyo. Na ji. Amma ni da na tsaya a aji huɗu, duk wanda ya sa farar riga ya riƙe allura likita ne. Ba zan rage miki muƙami ba, shi kaɗai ya rage da nake iya bayarwa kyauta a tsadar nan.

Mu nan lafiya lau. Ƙafar Innarki ta yi sauƙi. Ni ma ƙalau nake, sai dai girata ta hagu ba ta nan. Kada hankalinki ya tashi, ta dama na nan tana riƙe da gida.

Ga yadda aka yi. Ranar Litinin na je gidan mai da jarkata. Kuɗin da ke cika ta bara, bana ko rabi bai kai ba. Na dawo ina tunani a hanya, kin kuwa san duk ranar da babanki ya yi tunani sai an yi asara. Na ce ai baƙin man da bakanike ke juyewa daga motoci shi ma mai ne, tsufa kawai ya yi, ni ma na tsufa kuma ina aiki. Na roƙo galan guda, na tace da tsohon ɗankwalin Innarki, na gauraya da dizal, na ɗura wa injin niƙa. Ya tashi kuwa! Minti biyar yana gudu kamar sabo, har na fara lissafin wa zan sayar wa wannan ilimi. Sai ya fara tari. Na sunkuya in leƙa abin da ke damunsa, shi ma ya leƙo ni da wuta. Ko da hayaƙi ya lafa, gira ta tafi, inji ya yi shiru, masara kwano goma ta Mai Kaji, matar nan ta gidan da ke kan kwanar layinmu, ta koma kalar gawayi. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "To kajin nawa makoki za su yi da za su ci baƙi?"

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai Faci ya tsallako titi da ƙarfen cire taya a hannu, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Minista, wannan ma tsohuwar gwamnati ce ta jawo?"

Har yanzu Ministan Niƙa suke kirana. Kin san tushen abin, ke kika riƙe mini gwangwanin fenti ranar da aka sanar da sakamakon zaɓe, na hau benci na rubuta a bangon inji da shuɗi: MUDDIN MUTUMINMU NA KAN MULKI KUƊIN NIƘA BA ZAI ƘARU BA. Shekara biyu ke nan. Kuɗin wuta ya ƙaru, kuɗin mota ya ƙaru, sabulu ya ƙaru, fentin kuwa ko ɓarewa bai yi ba. A rayuwata ban taɓa sayen abu mai ƙwari kamarsa ba. Duk wanda aka ƙara wa kuɗin wani abu a kasuwa, nan yake biyowa ya yi mini ƙorafi, kamar ni ke kwana a fadar shugaban ƙasa.

Inji yana hannun bakanike, jibi zai tashi. Na rubuto ne ban kira ba saboda kati ya yi tsada, kuma a waya kina katse ni. A takarda ba ki da iko. Direban da ke zuwa garinku zai miƙa miki. Ki dage da karatu, saura zango ɗaya.

Babanki mai gira ɗaya.

*

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Inna, a ce mata ta rage tsayuwa. Ina lafiya, an kai mu ɓangaren yara a asibiti. Wasiƙarka ta iso ranar Asabar. Na karanta ina dariya har 'yar ɗakinmu ta tambaya ko kuɗi aka aiko mini. Da na sake karantawa ban yi dariya ba. Da a ido ne fa, Baba? Ka riƙa wanke wurin da ruwa mai tsabta, kuma don Allah kada ka shafa masa ko ɗaya daga cikin dabarunka.

Tunda ni na riƙe gwangwanin, ina da bakin magana a kan bangon nan. Ranar da ka yi rubutun, nawa ake cika jarka? Yau nawa ne? Injin bai yi zaɓe ba, Baba, bai san jam'iyya ba. Abin da ya sani a ba shi ya sha.

Nan ma musun ke nan kullum. Wasu su ce laifin shugaban ƙasa ne, wasu su ce ko waye ya hau haka za a sha. Kuɗin mota ya ninka, mun daina hawa, a ƙasa muke zuwa asibiti. Masu zaginsa da masu kare shi hanya ɗaya muke bi, takalmanmu tare suke cinyewa.

Ban ce ka daina son mutuminka ba. Ka so shi, ka ƙara kuɗin niƙa. Abu biyun ba sa faɗa da juna. Idan kunyar gogewa kake ji, bari in zo hutu in goge, a ce yarinya ce ta ɓata.

'Yarka, ma'aikaciyar jinya, ba likita ba.

*

Likitata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya. Muna nan ƙalau. Gira ta fara tsirowa, amma fara take fitowa, ta ƙi bin ra'ayin 'yar'uwarta. Har a fuskata an samu 'yan adawa.

Na ga saƙonki. Kin yi magana irin ta masu ilimi, ni kuma zan ba ki amsa irin tamu. Ba mutumina ne ke yanka wa duniya farashin mai ba. Akwai yaƙi can wata nahiya, akwai 'yan kasuwa masu ɓoye kaya, akwai ramin da na baya suka haƙa suka tafi. Kullum rediyo na cewa gyara ake yi, a ƙara haƙuri. Duk na jera wa Mai Faci wannan jiya a teburin mai shayi. Ya bari na gama, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Minista, lokacin na baya, ko kaza ce ta ƙi yin ƙwai cewa kake shugaban ƙasa ne. Sai yanzu da naka ya hau ka gano akwai duniya?" Na ce masa maƙiyin ci gaba, ya je ya yi facinsa.

Rubutu kuwa ba zan goge ba, ke ma ba za ki goge ba. Mutum ba ya rubuta magana da harafi mai tsawon hannu a bakin titi, sannan ya ce wasa yake. Duk unguwar nan farashina kaɗai ne bai motsa ba, kuma da shi nake rufe wa masu tsokanata baki.

Kasuwa ma ta buɗe. Tunda sauran masu inji suka ƙara kuɗi, 'yan kasuwar hatsi daga wasu unguwanni nan suke turo buhuna a baro. Wata rana layi har bakin famfo. Kuma tun da bakanike ya gyara, na ɗan murɗa wani noti da kaina, inji ya rage shan mai. Duron dizal da ke ɗakin ajiya yanzu yana daɗewa fiye da da. Abu ɗaya ne ban gane ba. Kullum aiki ƙaruwa yake, kullum gwangwanin kuɗi sauƙin ɗauka yake ƙarawa. Wataƙila a aji biyar ake koyar da wannan lissafin.

Ga kuɗin zangonki na ƙarshe nan a hannun Direba, ki ƙirga a gabansa, ba don ban yarda da shi ba, don ban yarda da ƙirgata ba. Babur na sayar. Kada ki ce komai, ku ne kuke cewa tafiya a ƙasa na ƙara lafiya. Kuɗin jarrabawa da na kayan aiki kuma ki bar mini. In ta kama, akwai sauran babban abin sayarwa a gidan nan.

Babanki, Minista.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Ban san lafiyarku ba, don mako biyar ke nan ban ga takardarka ba. Wannan ita ce ta uku da na bari a tasha.

Na kira Inna sau biyu. "Lafiya lau" kawai take cewa, ta ce kati zai ƙare. Amma na saurara da kyau, Baba. Tun ina ƙarama ba a waya a gidanmu da rana sai an toshe kunne ɗaya. Duka biyun ban ji ƙarar inji ba. Na ɗauko wasiƙarka na sake duba inda ka ce akwai sauran babban abin sayarwa. Babban abu nawa ne a gidan nan bayan babur?

Idan ka sayar da inji don in ɗauki jarrabawa, me za ku ci kai da Inna? Idan ba ka sayar ba tukuna, da wannan farashin saura wata nawa?

Na je ofishin makaranta na karɓi fom na ɗage karatu shekara ɗaya. Na cika, saura sa hannu. Akwai wani kantin magani da zai ɗauke ni aiki, in riƙa turo muku wani abu. Ranar ƙarshe ta miƙa fom ita ce ƙarshen watan nan. Ba fushi nake ba. Ba zan iya zama a aji ba ina sanin cewa kowane kwano da aka niƙa, daga jikin gidanmu ake yankar cikon, don kada Mai Faci ya yi maka dariya.

Kai ka ce ba ka janye magana. Ni ma 'yarka ce.

*

'Yata,

Muna lafiya. Inji na nan, ban sayar ba. Ki karanta wannan layin sau biyu.

Direba ya ajiye motarsa wata guda, ya ce fasinjan da yake samu ba sa biyan man da yake ƙonawa. Jiya ya fito, ya kawo mini wasiƙunki uku a haɗe. Shirun da kika ji, bel ɗin inji ne ya tsinke, na yi kwana shida kafin in haɗa kuɗin sabo. Babban abin sayarwa kuwa, firjin nan nake nufi da ya zama kabad tun da wuta ta gagare mu. Na yi wasa inda bai kamata ba.

Yanzu ki saurare ni, yau ba barkwanci. Ranar da aka cire ni daga aji huɗu, cewa aka yi wata shida ne kawai, in taimaka a gida har abubuwa su daidaita. Na bar littafina a aljihun tebur don in dawo in same shi. Shekara arba'in da shida ke nan. Babu wanda ya yi mini mugunta, abubuwa ne ba su daidaita ba, kuma ba sa daidaita. Kada ki sa hannu a takardar nan. In kin sa, ban yafe wa kaina ba.

Kin ɗaure ni, kuma kin iya ɗauri, a wurina kika gada. Ranar Alhamis da safe zan goge bangon a gaban kowa. Ki ba ni zuwa lokacin.

Babanki.

*

Likitata,

Da fatan kina lafiya, kuma biro bai taɓa fom ba. Mu ƙalau muke, in ban da mutuncina da ke kwance yana jinya.

Alhamis na sa riga mai tsabta, na sayo ƙaramin gwangwanin farin fenti. Shi ma ya ninka. Na fito da benci. Matan unguwa na layi da kwanoninsu, 'yan kasuwa da buhunansu, Mai Faci ya jingina da ƙofar shagonsa ya harɗe hannu. Na shirya jawabi tun kwana biyu. Na hau benci na ce, "Jama'a, ba wai gwamnati ta gaza ba ne, yanayin duniya ne..." Mai Kaji ta ce, "Minista, yi shafenka, mun bar aiki a gida."

Na shafe. Sai da na yi hannu uku shuɗin ya haƙura. Na rubuta sabon farashi, ninki biyu, na juyo na tsaya, ina jiran zagi. Sai wata ta ƙyalƙyale da dariya, sai duka matan suka ɗauka, har da mai riƙe ciki.

Mai Kaji ta ce, "Wannan ai tsohon farashi ne. Wata uku ke nan muna biyansa."

Na ce, "Wa kuke biya?"

Ta ce, "Matarka mana. Ranar da ka ƙone gira muka zauna. Injin da ke kusa sai an hau mota. In ka rufe, mu za mu sha wuya. In mun ce ka ƙara, girman kanka ba zai bari ba. Sai muka ce a ba ka tsohon kuɗi ta ƙofar gaba ka ji daɗi, a zagaya ta baya a ba ta ciko."

Na sauko daga benci. Ashe Innarki ke tara cikon, duk kwana uku ta ba Mai Faci. Shi ke hawa babur ɗinsa ya sayo dizal, ya shiga ta baya ya juye a duro. Kin san da wane lokaci? Lokacin da nake teburin mai shayi ina kare gwamnati. Yana gamawa sai ya wanke hannu ya zo ya zauna kusa da ni, in nuna masa bango in ce ga shaida ƙasa na gyaruwa. Notin da na murɗa kuwa, bakanike ya ce na murfin bel ne, ba ruwansa da mai.

Kafin in farfaɗo, Mai Kaji ta karɓi burushi daga hannuna, ta ce dizal ya sake tashi makon jiya, ta ƙara wani abu a kan abin da na rubuta. Ka ji abokin ciniki da ke ƙara wa kansa kuɗi! 'Yan kasuwa suka yi ta gunaguni, su da suka yi wata uku suna niƙa a kan guminmu. Biyu suka juya baronsu, sauran suka biya. A ranar na ɗauki gwangwanin kuɗi na ji nauyin da na manta.

Da na shiga gida na tambayi Innarki me ya hana ta gaya mini. Ko ɗagowa ba ta yi ba daga wankin da take. Ta ce, "Shekara ashirin da bakwai ina gaya maka abu, wanne ka ji?"

Game da mutumina, ban zage shi ba, kuma ban ce duk laifinsa ne ba. Amma shi ya tsaya a kan mota ya ce mai zai yi araha, ba yaƙin wata nahiya ba. In ya dawo neman ƙuri'a ina da tambayoyi. Na fara rubuta su, a takarda wannan karon.

Kuɗin jarrabawa zai fito daga inji, da izinin Allah, ba tare da an sayar da ko cokali ba. Na cika nawa. Saura ke.

Babanki, tsohon Minista.

*

Baba,

Ina gaishe ku, ina lafiya. Na mayar da fom ofis babu sa hannu. Matar ofishin ta ce dama ta san zan dawo da shi. Jarrabawa saura mako bakwai, ba za ka ƙara jina ba sai na gama.

Ka sumbaci hannun Inna a madadina, in ta bari. Ka gaida Mai Kaji da sauran iyayena.

Abu ɗaya ban gani ba a wasiƙarka, na duba har bayan takardar. Me ka ce wa Mai Faci?

'Yarka.

*

Likitata,

Lafiya lau muke, kuma tun da na karanta layinki na farko nake cin abinci kamar mai ramuwa. Allah ya ba ki sa'a. Ki yi karatu, kada ki amsa wannan.

Kin tambayi abin da na so ki tsallake. Matan duk na bi su gida gida na yi godiya. Wannan bai yi wuya ba, dariya suka yi mini suka ba ni ruwa. Mai Faci ne matsala.

Na je sau uku. Na fito da tsohon kekena tun da babur ya tafi. Zuwan farko na tsaya a gabansa, na buɗe baki, sai na ji ina cewa a ƙara mini iska a tayar gaba. Na biyu, tayar baya. Na uku ya matsa tayar da yatsa, ya ce, "Minista, in na ƙara wa wannan iska tashi sama za ta yi da kai. Me ke tafe da kai?" Na ce wucewa nake. Ya ce, "To a wuce lafiya."

Na aika Innarki da kuɗin man da ya ƙona a zirga-zirgar nan, ya maido. Kuma tun ranar Alhamis ɗin bai tsokane ni a kan maganar bango ba ko sau ɗaya. Da ya yi mini dariya, da mun yi faɗa na huta. Mutumin nan ya san inda ke mini ciwo.

Na gane ba a shagonsa ya kamata in biya ba. A teburin mai shayi na yi wata uku ina kiransa maƙiyin ci gaba, alhali warin dizal ɗina na hannunsa. A nan zan tsaya, gaban mutanen da suka ji waccan, su ji wannan. Kalmomin ba su da yawa, na gwada su a gaban inji sun fita lafiya, amma inji na aiki a lokacin.

Gobe da safe zan je. Keken zan bari a gida.

Babanki.